Wasiƙa daga Bakin Dajin Hürtgen

Aachen, Jamus
Daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya amarya da ƙaramin maigida? Saƙonninka uku duk na gani, har da na ƙarshen da ka ce in ban amsa ba ka cire ni daga sahun abokai. Ka yi haƙuri, ba share ka na yi ba. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin saƙon murya, kai kuwa na san halinka, in saƙo ya haura minti biyu sai ka saurari rabi ka turo min "na ji". To wannan karon sai ka zauna ka karanta.

Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina, dattijon Bajamushe, ya ɗauke ni a motarsa muka je dajin Hürtgen. Bai kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba, kudu maso gabas da Aachen, dab da iyakar Beljiyam. Na ɗauka yawon shan iska ne irin nasu na ƙarshen mako. Wallahi tun da na dawo Baba Soja nake tunawa. Ka tuna yadda muke kewaye shi a zaure muna roƙon labarin Boma, ya yi ta ba mu labarin jirgin ruwa da na Indiya, amma da an zo kan daji sai ya ce mu tashi an kira salla? Sai yanzu na fara gane abin da yake haɗiyewa.

Dajin ba wani makeke ba ne, murabba'in kilomita 130 ne ko sama kaɗan. Amma itatuwan dogaye ne masu ganye kamar allura, a cushe, da rana tsaka sai ka ce magariba ta kawo jiki. Ƙasar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, daga tudu sai kwari mai zurfi, ruwa na gudu a ƙasa. Ta cikinsa ne layin tsaron nan na Jamus da ake kira Siegfried ya ratsa: tungayen kankare masu kaurin bango da aka binne a gefen tudu, da waya mai ƙaya, da nakiyoyi birjik. Har yau akwai ragowar tungayen, gansakuka ya rufe su. Na shiga ɗaya na leƙa ta ramin da ake ɗora bindiga. Duk wanda zai hau tudun nan sai ya bi ta gaban ramin, babu wata hanya.

A nan sojojin Amurka suka shiga a watan Satumba 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba a rabu da wurin ba sai Fabrairu 1945. Kusan wata biyar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk abin da Amurkawa suka fi Jamusawa da shi a lokacin, dajin ya kwashe. Suna da jiragen sama, amma ga hazo ga ruwan sama, kuma matuƙi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ganye. Suna da tankokin yaƙi, amma ina hanyar? Saura mutum da ƙafarsa da bindigarsa. Rundunarsu ta 9 ita ta fara ɗanɗanawa: a watan Oktoba ta rasa mutum kusan 4,500 tsakanin matattu da masu rauni, abin da ta ci na ƙasa bai cika kilomita uku ba. Ka auna, daga ƙofar gidanku zuwa inda muke zuwa ƙwallo.

Dattijon ya tsayar da ni gindin wata bishiya ya ce in ɗaga kai. Ya ce Jamusawa saita harsashin igwa suke yi ya fashe a saman itatuwa, sai ƙarfe da tsagin itace su zubo kamar ruwa. Soja kuwa abin da aka koya masa shi ne in ya ji ƙarar igwa ya kwanta rub da ciki. A nan wanda ya kwanta ya shimfiɗa wa mutuwa bayansa ke nan. Sai da aka yi asarar rayuka da yawa kafin suka koyi tsayawa su rungumi kututture, hular ƙarfe ta kare kai, in kuma sun haƙa rami su rufe shi da gungume. A ƙasa ga nakiyoyi na akwatin katako waɗanda na'urar neman ƙarfe ba ta cika gano su ba, ba su faye kashewa ba, ƙafa suke cirewa. Ga sanyi da taɓo, mutum ya kwana da kwanaki cikin ramin da ruwa ya cika har ƙafarsa ta ruɓe a cikin takalmi. Ni da na je da rigar sanyi biyu da safar hannu, awa uku kawai na yi, yatsuna suka daina jin komai.

Af, maganar rigar sanyi ta tuna min. Ka gaya wa Hajiya yajin da ta aiko ya iso lafiya, kilishin ne dai bai tsallake filin jirgi ba, ba sa barin nama ya shigo. Kada ta sake wahalar da kanta. Kuma na ji labarin wai ka sayar da mashin ɗin nan. Kai da ka rantse sai dai a gāje shi? Lallai amarya ta iya magana. Wa ka samu ya saya, ko dai ka tura masa shi har gida ne kamar yadda muka saba?

Bari in koma. Wurin da ya fi tsaya min a rai wata 'yar hanya ce da ta gangara daga ƙauyen Vossenack zuwa kwarin kogin Kall, ta haura ɗaya gefen zuwa Kommerscheidt da Schmidt. Mun bi ta da ƙafa. Mutumina, hanyar amalanke ce, a wasu wuraren dutse ya turo ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma gangare ne. Ta nan aka tsara cewa runduna ta 28, ƙarƙashin Janar Norman Cota, za ta wuce da tankoki da abinci da harsasai, ta nan kuma za a fito da masu rauni. A taswira an zana ta hanya ce, babu wanda aka tura ya taka ta ya gani kafin a ba da umarni. Sun fara kai hari ran 2 ga Nuwamba, washegari suka kama Schmidt, kwana ɗaya tak Jamusawa suka dawo da tankoki suka kore su. Tankokin Amurka kuwa suna maƙale a 'yar hanyar nan, sarƙar wannan ta zame, wancan ya tare wa na baya. Har yanzu akwai guntun sarƙar tanka a manne da ƙasa, na sa hannu na taɓa.

Ka ji kuma wani ikon Allah. A ranar da aka fara harin, manyan hafsoshin Jamus na yankin suna zaune da shugabansu Walter Model kusa da birnin Kolon, suna atisaye a kan taswira, suna gwada yadda za su yi in Amurkawa sun kawo hari daidai wannan wuri. Sai ga waya cewa an kawo harin da gaske. Model ya ce a ci gaba da zaman, a riƙa aiki da rahoton fagen daga. Umarni bai ɓata lokaci a hanya ba, duk masu bayar da shi suna ɗaki ɗaya. Cikin mako biyu runduna ta 28 ta rasa sama da mutum 6,000. Aka janye ta aka turo wasu, ta 4 da ta 8 da sauransu, su ma dajin ya ci rabonsa.

Na tambayi dattijon, to me ake nema a ciki? Ya kai ni bakin madatsar ruwa ta Schwammenauel a kan kogin Rur. Ya ce ga abin da ya cancanci a yi faɗa dominsa, domin wanda ke riƙe da madatsun nan in ya ga dama sai ya saki ruwa ya raba duk rundunar da ta tsallaka kogin da na bayanta. Amma a farkon yaƙin ba su aka sa a gaba ba, sai daga baya. Su kuma Jamusawa suna da dalilin da ya sa suka kafe: a bayan wurin suke tara mayaƙa don babban farmakin dajin Ardennes na Beljiyam da suka ƙaddamar ran 16 ga Disamba. Da Amurkawa suka isa madatsar a Fabrairu 1945, sun tarar an lalata bututan sakin ruwa, kogin ya cika ya batse, sai da suka jira kusan mako biyu, ran 23 ga wata suka tsallaka. Lissafin da aka fi ambata shi ne Amurkawa 33,000 tsakanin waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda ciwo ya kwantar, Jamusawa kuma wajen 28,000. Ni dai a ganina manyan da ke nesa da taɓon nan suna da alhaki a wuyansu. Wanda ya tura ɗan wani ya bi hanya, ai kamata ya yi ya san hanyar.

Amma ba wannan ne ya sa ni hawaye ba. A maƙabartar sojojin Jamus ta Hürtgen, inda mutum wajen 3,000 ke kwance, akwai wani dutse a bakin shiga da tsofaffin sojojin Amurka suka kafa a 1994 don tunawa da wani laftanar ɗin Jamus, Friedrich Lengfeld. Ran 12 ga Nuwamba 1944 wani sojan Amurka ya ji rauni a tsakiyar filin nakiyoyi yana ta ihun neman taimako. Lengfeld ya hana yaransa harbi in masu ɗaukar majinyata na Amurka sun zo ɗaukarsa. Ba wanda ya zo. Da ihun ya ƙi ƙarewa sai ya tashi da kansa ya ja wasu suka nufi wurin, ya taka nakiya, a ranar ya cika. Shekararsa 23. Ƙaninka na wajen Goggo ya girme shi. Haka kuma a gadar Kall wani likitan sojan Jamus, Günter Stüttgen, ya yi ta shiga tsakani a kwanakin nan har aka riƙa tsagaita wuta a kwashe masu rauni na ɓangarorin biyu. Na san tutar da waɗannan mutane suka yi wa yaƙi, na san ta'asar da gwamnatinsu ta yi, ban manta ba. Duk da haka na daɗe a tsaye gaban dutsen nan.

A daidai watannin ne fa su Baba Soja suke cikin kurmin Boma, rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82, suna fama da Japanawa da ruwan sama da zazzaɓi. A nan kowane tudu da allonsa, kowane kabari da lambarsa, yaran makaranta suna zuwa ana yi musu bayani. Mu kuwa namu ya rasu muna ganin tsoho ne mai yawan shiru. Ko rundunar da yake ciki ban sani in faɗa ba, kai jikansa ka sani?

Don Allah ga abin da nake roƙo. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadon Goggo, wanda ta taɓa korar mu a kansa, ka lallaɓa ta ta buɗe maka. In akwai takardar sallama ko lambar yabo, ka ɗauki hotonsu gaba da baya ka turo min, musamman lambarsa ta soja. Ka kuma zauna da ita ka kunna rikoda a waya, ka bar ta ta yi magana, kada ka katse ta da gardamarka. Ita kaɗai ta rage da ta ga dawowarsa. Ka tafi mata da goro, zan turo maka kuɗin.

Wai da gaske ne Liman ya ƙara aure? A rukunin unguwa na ga ana ta Allah ya sanya alheri, ba wanda ya faɗi ko wace ce. Ka ba ni labari dalla-dalla. Na san akwai abin da ka tambaye ni a saƙonka na farko, wayar tana caji a ɗaki kuma dare ya yi, gobe in na duba zan amsa.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka shafa min kan ƙaramin maigida.

Naka,
mutuminka na Aachen