Dan Allah a daina share “dai” da “wai” daga maganar mutane

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe.

Ni tafinta ne, aikina kenan shekara da shekaru, in tsaya tsakanin mai jin Hausa da mai jin Turanci ina kai magana ina dawo da amsa, kuma akwai wani abu da nake yawan gani a rubuce-rubucen Hausa da yake damuna ƙwarai. Za ka saurari hira da mutum a rediyo ko a bidiyo, ka ji maganarsa da kunnenka, washegari ka ga an rubuta hirar, sai ka tarar an bi an tsince duk ƙananan kalmomin nan, dai, fa, kam, ma, kuwa, mana, ai, wai, ashe, an zubar da su kamar wata ƙura ce aka kakkaɓe daga jikin magana. Wanda ya rubuta yana ganin gyara ya yi. Ni kuma a wajena sau da yawa maganar wani daban ya ɗora a bakin mutumin.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don a kaina na fara gane girman abin. Wata rana ina yi wa wani likita baƙo tafinta a asibiti, aka shigo da wata dattijuwa tare da ’yarta, an ba ta magani makonni biyu kafin nan. Likita ya ce in tambaye ta ko tana shan maganin. Na ce Mama, kina shan maganin da aka ba ki? Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta ta ce, “Ina sha dai.” Ni kuma na juya na ce wa likita ta ce tana sha. Har ya ɗauki biro zai rubuta ta ci gaba da shi yadda take yi, sai ’yar ta ce min, “Malam, ba haka ta ce ba fa, cewa ta yi tana sha DAI.” Muka sake tambaya a hankali, ashe duk lokacin da ta sha sai jiri ya kwashe ta, kwana uku ma rabin ƙwaya take sha, amma tana jin nauyin ta ce wa likita maganinsa bai karɓe ta ba, sai ta naɗe duk wannan bayani a cikin “dai” guda ɗaya ta miƙo min, ni kuma na yar da shi a hanya. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da ’yar ba ta wajen da haka za a sallame ta.

Ɗauki jimla ɗaya ka gani, “zan zo”. In mutum ya ce maka “zan zo mana”, mamaki yake yi da har ka tambaya. In ya ce “ai zan zo”, tuna maka yake yi da abin da ka riga ka sani. “Zan zo fa” gargaɗi ne, kar ka fita, kar ka yi wasa da maganar. “Ni kam zan zo” ya ware kansa daga sauran, yana nufin su dai bai san nasu ba. “Zan zo kuwa” tabbatarwa ce bayan an nuna shakka. “Zan zo dai” kuma, to, wannan ka shirya, zuwan ba da son ransa ba ne ko kuma kar ka sa ran wani abu ya biyo bayan zuwan. Kalmomin da ƙamus zai fassara maka guda biyu ne kacal a duka jimlolin nan, kuma ba su canja ba, amma Bahaushe ko yaro ne ya san magana shida aka yi masa daban-daban. Masanin harshe Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000 ya ware wa shida daga cikin irin waɗannan kalmomi babi na musamman, wato fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam, kuma duk wanda ya taɓa koya wa baƙo Hausa ya san su ne na ƙarshe da suke zama a bakinsa, zai iya jam’i ya iya lokuta amma ya rasa inda zai ajiye “kam”.

Wanda ya fi ba ni tsoro a aikin jarida shi ne “wai”. Mutum ya ce “wai shi ya kwashe kuɗin”, ma’ana ni ban gani ba, ji na yi, kar a kama ni da shi. In ka cire “wai” ka bar “shi ya kwashe kuɗin” a tsakanin alamar zance, ka mai da mai bada labarin jita-jita ya zama shaida, ka sa shi ya yi ƙazafin da bai yi ba, kuma shi za a nema ba kai ba. Akwai harsunan da wannan abu yake cikin jikin aikatau ma, ba yadda za ka yi ka guje masa. A Turkanci in ka ce “geldi” ya zo ne kuma ka san haka da kanka, in ka ce “gelmiş” to labari ka samu ko alama ka gani, kuma wannan ɗafin na “-miş” da aka liƙa a ƙarshen kalmar dai shi suke amfani da shi wajen nuna mamakin abin da mutum ya gano yanzu, wato aikin da mu muka raba wa “wai” da “ashe” su ɗafi ɗaya ne yake ɗauke da shi.

Kuma ba mu kaɗai muka taɓa raina irin waɗannan kalmomi ba. Jamusawa suna da su rututu, doch, mal, ja, halt, eben, kuma an daɗe masu koyar da salon rubutu a can suna cewa a cire su, har wani marubucinsu ya taɓa kwatanta su da ƙwarƙwata a jikin harshe, sai daga 1969 da Harald Weydt ya yi littafi a kansu masana suka fara ɗaukarsu da muhimmanci. Bajamushe in ya ce “komm” umarni ne tsagwaronsa, in ya ce “komm mal” ya sassauta, kusan tazarar da ke tsakanin “zo” da “zo mana” ko “ɗan zo”. Japanawa suna ƙare jimla da “ne” in suna neman ka yarda da su, kamar “ko?” ɗinmu, su ƙare da “yo” in suna sanar da kai abin da suke ganin ba ka sani ba, ya yi kusa da “fa”. Masu Turancin buroka suna da “sha” da “abi”. Shi Turanci gangariya ba shi da su da yawa irin namu, ya fi dogara da hawa da saukar murya da kalmomi irin su “well” da “you know”, waɗanda Deborah Schiffrin ta yi nazarin guda 11 daga cikinsu a littafinta na 1987, inda ta nuna cewa “well” yakan fito ne in amsar da za a bayar ba ita ce mai tambaya yake jira ba. Shi ya sa tafinta yake shan wuya, abin da Hausa ta faɗa da kalma, Turanci da murya yake faɗa, takarda kuma ba ta da murya.

Har “e” da “a’a” ma ba lafiya lau suke tsallakawa ba. Ka tambayi Bahaushe “ba ka jin ciwo?” ya ce “e”, nufinsa haka ne, ba na ji, ya gaskata maganarka. Bature a wannan wajen “no” zai ce. In na fassara “e” ɗin nan da “yes” kai tsaye na ce wa likita yana jin ciwo kenan, akasin abin da ya faɗa. Japananci irin namu yake yi a nan, Faransanci kuma sai da ya tanadi kalma ta daban, “si”, don ƙaryata tambayar da aka yi da korewa, Jamusanci ya ce “doch”.

Wani abin da na lura da shi kuma, waɗannan kalmomi su ne suka fi saurin tsallaka iyaka daga harshe zuwa harshe. “Amma” da muke faɗa kullum daga Larabci ta zo mana, ta zauna har ba wanda yake jin baƙuwa ce. “Ya’ani” ta Larabawa ta shiga Turkanci da Farisanci da Urdu, Suwahili ma suna cewa “yaani”. Saboda haka ni ba na cikin masu tada jijiyar wuya don sun ji matashi yana jefa “so” ko “oke” a tsakiyar Hausarsa, haka harsuna suke yi tun asali, abin da zai dame ni shi ne in ya kai ga ba ya iya bambance “zan zo dai” da “zan zo fa”, kuma in rubutun da yake karantawa kullum an wanke shi tas daga waɗannan kalmomi to a ina zai gan su a rubuce ya san suna da daraja?

Na san za a ce fili a jarida kaɗan ne, kuma maganar baka cike take da maimaici da in-ina da “am” da “eh” da fara jimla a fasa. Gaskiya ne, waɗannan a cire su ban da ja, ni ma in ina tafinta ba na kwaikwayon tarin mutum. Amma akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa kaina tun daga ranar dattijuwar nan: in na cire kalmar, shin mai maganar zai saurara ya ce e haka na faɗa, ko zai ce a’a ni ba haka nake nufi ba? “Am” tana faɗuwa ba abin da ya taɓu. “Dai” ɗin Mama kuwa da ta faɗi sai da ta tafi da jirin da rabin ƙwayar gaba ɗaya.

Roƙona gare ku da duk masu rubuta hira da masu fassara labarai, in za ku taƙaita maganar mutum da kalmominku ku taƙaita, wannan haƙƙinku ne, mai karatu ya san muryarku ce. Amma da zarar kun buɗe alamar zance kun ce ga abin da wane ya ce, to ku bar masa “wai” ɗinsa da “dai” ɗinsa da “kam” ɗinsa a inda ya ajiye su. In kuma daga wani harshe kuke fassarawa, a saurari muryar ba rubutun kawai ba, in minista ko ɗan wasa ya ja “well” kafin ya amsa, a nemo masa “to” ko “to dai” a Hausa, kar a fara amsar tasa kamar ya bada ita kai tsaye.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani tafinta mai karanta jaridarku