Wasiƙa ga aminina kan wasan cike gurabe mai jigo

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Shirun nan ya yi yawa, har mutanenmu sun fara tambaya ko wani abu ne ya shiga tsakaninmu. Ana cikin haka sai ƙanenka ya tsegunta mini cewa wai ka jingine wasan cike gurabe na jaridun Ingila, wato crossword, irin mai lauje cikin naɗin nan, tun ranar da wani mai jigo ya sha gabanka. Kai da kake cika baki cewa babu kacici-kacicin da zai kwana a hannunka! Labarin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, domin abin da ya tsayar da kai bai kai ya raba ka da wasan ba.

Ya ce kusan rabin manuniyoyin, wato jimlolin da ke nuna maka amsar kowane gurbi, suna ambaton lamba 8, kai kuwa ka kafe a kan manuniya ta 8 ɗin, ka rantse ba za ka motsa ba sai ta buɗe. To, nan ne matsalar take. Mai ɗana wasan ya san kowa can zai fara rugawa, shi ya sa sau da yawa yakan tsaurara ta fiye da saura. Ba a farautar jigo daga farko. Amsoshi ne suke kawo shi da kansu.

Ka tuna ginshiƙin abin. Kowace manuniya kashi biyu ce. Akwai ma'anar amsar, wadda ke zama a farkon jimla ko a ƙarshenta, ba ta cika zama a tsakiya ba. Sai kuma dabara, wato umarnin yadda za ka harhaɗa haruffan amsar. Jimlar da kake karantawa gaba ɗaya, wadda take kama da zance mai kan gado, kwalliya ce kawai don ta ɗauke maka hankali. A wasa mai jigo, abin da aka ɓoye maka shi ne ma'ana, an sa lamba a madadinta, wato lambar manuniyar da amsarta ita ce jigon. Dabarar tana nan yadda take, ba a taɓa ta ba. Saboda haka rabin hanya har yanzu a buɗe take.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki fensir, ba biro ba. Ka tsallake ta 8 da duk masu ambatonta, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da masu hautsina haruffa, don su suka fi saurin tona kansu: za ka ga kalma irin broken ko drunk ko mixed, kusa da ita kuma ga wata kalma ko biyu da adadin haruffansu ya yi daidai da lambar da ke cikin baka. Allon jaridun yau da kullum gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, kuma kusan rabin haruffan kowace amsa suna gittawa da wata amsar. Idan ka samu dogaye biyu ko uku, sun riga sun zuba maka haruffa a ko'ina. Sai a lokacin za ka waiwayi masu lamba 8, ka rufe lambar da yatsa, ka yi aiki da abin da ya rage.

Bari in ɗana maka misali. A ce manuniyar ita ce "8 makes reign unsettled (5)". Kalmar unsettled tana ce maka ka hautsina, reign kuma haruffa biyar ne cif. Ka juya su, za ka samu NIGER. Wata kuma ta ce "Swindle, then leave 8 (5)". Damfara a Turancinsu CON ce, tafiya kuma GO, ka jera su ka samu CONGO. A nan ne mai gaggawa yake faɗawa rami. Zai ce shi ke nan, ƙasashe ne, ya duba ta 8 ya ga gida biyar, ya rubuta STATE, ta kuwa zauna daram. Daga nan duk amsoshin da suka gitta ta sun lalace, ya shafe tsawon lokaci yana zargin kansa a kan manuniyoyin da ba su da laifi. Amsa biyu ba sa tabbatar da jigo. Ka jira ta uku da ta huɗu. Ga "8 seen in revolt again (5)": seen in na nufin amsar tana kwance a cikin kalmomin, ka bi haruffan a jere daga V na revolt zuwa A na again, VOLTA ke nan. Ga kuma tribe da aka hautsina ta zama TIBER. Yanzu batun ƙasashe ya faɗi, koguna ne. Ta 8 RIVER ce.

Sai ka koma ka ga yadda aka ɗaure ta, domin dole ka gane, ko da ka riga ka san amsar. Yana iya cewa "Chauffeur losing head is a flower (5)". Direba DRIVER ne, an cire masa kai, wato harafin farko. Flower kuwa a bakin masu ɗana wasan nan ba fure ba ne kullum, abin da ke gudana ne, kogi. Haka suke kiran kogi banker don yana da gaɓa, ko runner. Irin zaurancensu ke nan, wanda ya daɗe a cikinsa yana ji nan take.

Af, kafin in manta, Malaminmu ya yi ritaya, kuma ya tambaye ka har sau nawa. Ya ce ka yi masa alkawarin waya ka shiga ciyawa. Ƙanwarka kuma na ji ta kammala karatu lafiya, Allah ya sanya albarka. Shi ma ƙanen naka ya fara taɓa wasan, kuma yadda na ga hannunsa, idan ka ci gaba da wannan yajin aiki to ba da jimawa ba shi zai riƙa koya maka. Ka ga kuwa da kunya.

Mu koma kan 8. Bayan jigo ya fito, sauƙi yana zuwa, amma da nasa haɗarin, kuma wannan ne ya fi damuna da kai, don na san halinka na zumuɗi. Na farko, ba kowace 8 ce take nufin amsar sunan kogi ce ba. Wani lokaci kogin yanki ne kawai na amsar. Suna da gajerun koguna da suke so ƙwarai: PO na Italiya, da DEE da EXE da CAM da OUSE na Birtaniya. Idan ka ga "8, quiet and profound (4)", to DEE ne aka haɗa da P, alamar da mawaƙa ke sawa a rubutun kiɗa don a sassauta sauti, amsar DEEP. Wani lokaci harafin R kaɗai ake nufi, gajarcen river. Wani lokaci ma 8 ɗin lamba ce tsurarta, EIGHT, a manna mata W a gaba ta zama WEIGHT. Mai ɗanawa nagari yakan sa irin wannan ɗaya ko biyu da gangan, daidai lokacin da ka saki jiki.

Na biyu, kuma mafi muni, shi ne cika gurbi da ka. Kana da gida biyar, na biyu H, na huɗu N, ka san kogi ne, sai ka rubuta RHINE ka wuce. To RHONE fa? Shi ma ya shiga, kuma harafin da ya bambanta su yana gidan da babu amsar da ta gitta shi, don haka babu abin da zai fallasa kuskuren. Dabara kaɗai ke raba gardama. Idan manuniyar ta ce right da sharpen, R ne da HONE, RHONE ke nan, babu wata magana. Ka riƙa sa ɗan ɗigo a gefen duk amsar da ka rubuta ba tare da ka gane yadda aka gina ta ba, kuma kada ka ce ka gama sai ka goge ɗigon ƙarshe. Ba laifi ba ne ka rubuta jerin koguna a gefen takarda bisa yawan haruffansu, masu huɗu dabam, masu biyar dabam, masu shida dabam. Jerin zai ba ka 'yan takara, amma ba shi zai zaɓa maka ba.

Wannan tsantseni yana da tushe. Wasan cike gurabe na farko Arthur Wynne ne ya fitar da shi a jaridar New York World a Amurka, a Disamban 1913, amma mai lauje cikin naɗi a Ingila ya girma. Edward Powys Mathers ya riƙa ɗana shi a jaridar Observer daga 1926 da laƙabin Torquemada. Da ya rasu a 1939 sai Derrick Macnutt ya gaje shi da laƙabin Ximenes, shi ne kuma ya tsaya kai da fata a kan adalci ga mai warwarewa: kowace kalma a manuniya ta kasance da aikin da take yi, kada a sa ta don ado kawai. Jonathan Crowther ya karɓa a 1972 da laƙabin Azed. Amfanin wannan a gare ka shi ne, idan ka samu amsa amma wata kalma ta yi saura a manuniyar ba ka san aikinta ba, to ka zargi amsarka kafin ka zargi mai ɗanawa.

Ba kowane jigo ake sanarwa da lamba ba. Wani yakan zo da ɗan bayani a saman allo, a ce amsoshi kaza iri ɗaya ne kuma ba a ba da ma'anarsu ba. Ka karanta wannan bayanin sau biyu a tsanake, ka ƙirga, don idan an ce goma ne ka samu tara, ka san akwai sauran guda a ɓoye cikin waɗanda suka gagare ka. Wani jigon kuma ba a ambatonsa sam, manuniyoyin duk cikakku ne, sai ka yi nisa ka lura sunayen abu iri ɗaya sun yi yawa. Akwai kuma wanda suke kira Nina, saƙo da aka binne a cikin allon kansa, a layin gefe ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Sunan ya samo asali ne daga mai zane Al Hirschfeld na Amurka, wanda ya riƙa ɓoye sunan 'yarsa a cikin zanensa. Alamarsa ita ce baƙin kalmomi su yi yawa a wasan da ba a saba ganinsu ba, domin saƙon ne ya tilasta wa mai ɗanawa ya ɗauko su. Idan ka ga haka, ka karanta layin sama da na ƙasa da na gefuna. Sau da yawa haruffan da suka rage maka suna nan.

Amma ido idan ya saba neman jigo yakan gan shi ko inda babu. Ka san a 1944, 'yan makonni kafin dakarun ƙawance su sauka a Nomandi ta Faransa, kalmomin sirri na shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune, sun fito a wasan jaridar Daily Telegraph, har jami'an tsaro suka je suka yi wa mai ɗanawar, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe, tambayoyi. Ba a same shi da laifin leƙen asiri ba.

Idan hannunka ya dawo, ka nemi tsofaffin wasannin Araucaria, wato John Graham, limamin coci da ya ɗana wa jaridar Guardian daga 1958 har rasuwarsa a 2013. A wajen jigo ban ga kamarsa ba, ko da yake bai damu da bin ƙa'idojin Ximenes sau da ƙafa ba, don haka ka shiga da shirin haka. Yana da wani salo da ba a sa wa allo lamba, kowace amsa tana farawa da harafi dabam daga A zuwa Z, kai za ka gano inda kowace za ta zauna. Dabarar wannan ita ce ka warware da yawa a gefen takarda tukuna, sannan ka nemi tsawon da gurbinsa ɗaya ne ko biyu kacal a allon, ka kafa ƙafa a nan.

Na Listener kuwa, wanda ya faro a 1930 a mujallar BBC ya koma jaridar Times bayan an rufe mujallar a 1991, ina ganin ka ɗan dakata masa. Can babu baƙaƙen gidaje, layuka masu kauri ne ke raba amsoshi, kuma dabara tana iya ba ka harafi ɗaya fiye da abin da gurbi ke ɗauka. Waɗannan rarar haruffa, idan ka jera su bisa tsarin manuniyoyi, su ke ba da umarnin ƙarshe. Mai warware shi yakan ja layi a gefen manuniyoyin ya riƙa rubuta kowane harafi a gaban tasa, ya bar gurbi ga wadda bai warware ba, ga kuma ƙamus na Chambers a kusa, don shi ne alƙali a irin wannan.

Ga guda ka gwada kafin ka amsa mini, jigon bai canza ba: "Sailor hugging mother in 8 (5)". Matuƙin jirgin ruwan haruffa uku ne, uwar kuma biyu, kogin yana kudu maso yammacin Ingila. Kada ka aiko da amsa kawai, ka nuna mini inda kowane harafi ya fito. Ka haɗo da hoton allon da ya gagare ka yadda ka bar shi, kada ka goge komai, ina so in ga abin da ka rubuta a ta 8.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka kuma kira Malam a makon nan.

Wassalam,
Amininka