Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa: A Gwada Ƙasar Tukuna

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ɗan Makarfi ne, a fadamar rake na tashi, daga baya na yi aikin malamin gona. Ina yaro nakan tsaya kusa da kaskon da ake dafa ruwan rake, ina kallon yadda yake kauri har a zuba shi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Wata shekarar kuwa sai a dafa, a ƙara wuta, ya ƙi kamawa, ya tsaya da danƙo kamar alewar da ta sha rana. Dattawa su ce raken bai nuna ba, ko ya kwana da yawa bayan sara. Gaskiya suka faɗa, sai dai akwai saura, kuma sauran ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Zaƙin da masana'anta ke nema a rake shi ne sukuros, wanda ke zama ƙwayar sukari. A cikin karan akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, su ne ma'aikatan tsiro. Wasu suna haɗa sukuros su tara shi a gaɓoɓi. Wani kuma, inbatas, aikinsa ya fasa shi zuwa gulukos da furuktos, wasu nau'o'in zaƙi masu wuyar daskarewa, domin tsiron ya ci ya yi tsawo. Idan raken ya nuna, ƙarfin inbatas yakan ragu, zaƙi ya taru. Idan bai ragu ba, ruwan zai yi zaƙi a baki amma ba zai daskare a kasko ba, ba kuma zai ba da sukarin kirki a inji ba.

To, da yawa daga cikin ma'aikatan nan ba sa motsi sai da ɗan ƙarfen da suke samu daga ƙasa, abin da bai taka kara ya karya ba a ma'auni. Zinki ne ke riƙe da enzayim ɗin da ke taimaka wa ganye kama iskar da yake haɗa abinci da ita. In ya yi ƙaranci, gaɓoɓi su gajarce. Manganis ake bukata wajen fasa ruwa a ganye da hasken rana. Rashin sinadarin baƙin ƙarfe, wato ayon, shi ke sa ka ga gyauron rake ya fito da ganye rawaya, wani har fari fat, musamman a ƙasa mai yawan alli. Rashin tagulla kuma yakan sa kan raken ya langaɓe. Molibdinom ke sa tsiro ya iya amfani da naitirojin ɗin da ya sha. Manomi kuwa da ya ga ganye ya yi rawaya, yuriya yake ƙarawa, don ita ya sani. Kuɗinsa ya tafi, ciwon yana nan, kuma yuriyar da aka zuba a makare jinkirta nuna take yi, ta rage zaƙi. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Buhun NPK 15-15-15 da ake sayarwa a kasuwanninmu abu uku ke rubuce a jikinsa, ba ko ɗaya daga ƙarafan da na lissafa.

Ɗaya gefen, wato ƙarafa masu guba, ya fi tayar mini da hankali. Dalma da kadmiyam da zaiba, da kuromiyam na masana'antun jima, ba su da wani amfani ga rake. Sukan maye gurbin ƙarfen kirki a jikin enzayim, ko su manne masa su kashe aikinsa. Kowa ya san abin da ake zubarwa a kogin Challawa daga unguwannin masana'antu na Kano, ana kuma ban ruwa da shi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Rake kuwa ferewa ake yi a bakin titi, yaro ya tsotsa.

Ranka ya daɗe, tun 2012 aka amince da babban tsarin wadata ƙasa da sukari, amma har yau akasarin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Brazil yake zuwa. Ana maganar hekta nawa aka share a Numan da Sunti da Lafiagi, ana maganar tan nawa na kara aka sare. Ni dai abin da nake son ji shi ne sukari nawa ke fita daga kowane tan. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan gwaji, za su kula da kansu. Ƙaramin manomin da ake so ya noma ya kai musu, shi wa zai gwada masa?

Roƙona bai da tsada idan aka auna shi da kuɗin shigo da sukari. Hukumarka ta haɗa kai da cibiyar bincike ta Badeggi, wadda binciken rake ke wuyanta, a gwada ƙasa da ganye da ruwan ban ruwa a yankunan rake, a fitar da sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo. Inda zinki ko manganis ya yi ƙaranci, a sa masu haɗa taki su yi na rake daban. Kada dai a ce kowa ya watsa, domin manganis da tagulla su ma in suka yi yawa guba ne, musamman a ƙasa mai tsami. Inda kuma aka samu dalma ko kadmiyam, a gaya wa manomi gaskiya, a nema masa wani ruwan.

In ana neman inda za a fara, fadamun Makarfi suna nan, kuma lokacin sara ne ya fi dacewa a zo, a ɗebi ƙasa, a ɗebi ruwan rake daga kasko ɗaya.

Naka,
Tsohon malamin gona, Makarfi, Jihar Kaduna.