Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyar Malaman Bayoloji ta Shiyyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da muka yi bana shi ne bitar sassan jikin kifi da aka yi da rani, kafin jarrabawar WAEC. Wanda bai zo ba ya yi asara. Karfasa ce kifin da ɗalibanmu suka saba zanawa, to amma kwamiti ya ga a ajiye ta kusa da tarwaɗa da gaiwa, a bar yaro ya kwatanta da idonsa. Masunta na dausayin Haɗeja ne suka samo mana gaiwar, kuma biyu daga ciki haƙo su aka yi daga busasshiyar laka, suna naɗe cikin kwanson da suke yi da majinar jikinsu su kwanta har ruwa ya dawo. An kawo guda da kwansonta, ba a fasa ba sai a gaban yara.

Da aka tsaga cikin waɗanda muka adana, an nuna jakar iska a karfasa, wadda ke taimaka mata ta tsaya a ruwa ba ta nutse ƙasa ba, an nuna gaɓar nan mai rassa da ke saman abin numfashin tarwaɗa, wadda ke sa ta daɗe a tudu ba ta mutu ba. Sai aka zo kan gaiwa: dogon jiki, fikafikai sirara kamar zare, ƙananan ɓawo a nutse cikin fata, sannan huhu biyu kwance a saman hanji. Wata ɗaliba ta tambaya ko kifi mai huhu yana iya nutsewa ya mutu. Amsar ita ce e, in aka hana gaiwa leƙowa ta shaƙi iska, ruwan ne zai kashe ta. Ajin ya ɗau hayaniya, har wani malamin lissafi da ke wucewa ya shigo ya tsaya. Muna godiya ga malamar da ta koyar da haɗa fomalin, maganin da ke hana kifi ruɓewa, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, da yi wa manyan kifaye allurarsa a ciki don kada hanji ya ruɓe kafin maganin ya ratsa.

Yanzu maganar kwalabe. An yi alkawarin kowace makaranta za ta samu nata jerin kifayen nan uku a adane cikin kwalabe, kuma ba a cika ba. Ina jin ƙorafin da ake yi a bayan ido, shi ya sa zan yi bayani. Kifi ba ya zama cikin fomalin har abada in yara za su riƙa taɓa shi, warinsa na sa hawaye kuma yana da illa ga lafiya. Sai an wanke shi an mayar cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Sifirit kuɗi ne, kwalba mai murfin kirki kuɗi ce, safar hannu ma haka, kuma farashin da muka yi lissafi da shi bara ya tashi. Kifayen suna nan a rufe cikin bokitai, ba su lalace ba. Akwai kuma ɗan littafin zane-zane, an rubuta shi, kuɗin bugawa ne babu.

Da me za a saya? Mafi yawanmu ba su biya kuɗin shekara ba. Ni da ma'aji mun bi mutane har mun fara jin kunya, a tura saƙo a WhatsApp, a ga an karanta, shiru. Abin da ya fi ci mini rai, wasu da ba mu ga ƙeyarsu a taro ko ɗaya ba su ne suka fara bugo waya suna tambayar ina kwalbar makarantarsu. Albashi bai isa ba, mun sani, amma waɗanda suka biya ba wani albashin daban suke karɓa ba.

Kwamiti ya yanke cewa za a fara rabon da makarantun da malamansu suka biya. Mai bashi ya ga ma'aji kafin taro na gaba, ko da rabi ne. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi aikin wanke kifayen, don wannan karon ba ni kaɗai zan yi ba.

Wassalam,
Sakatare