Ta gaji kujerar mahaifinta, amma ba ɗumama ta ta yi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta ra'ayin ɗaya daga cikin marubutanku da ke cewa duk ɗan siyasar da ya hau kujerar mahaifinsa ba abin da zai tsinana wa talaka. Sau da yawa haka ne, ban musa ba. Sai dai ni a lardin Kebek na ƙasar Kanada nake zaune, kuma tarihin wata mata a nan ya hana ni yarda a yi wa magadan kujera kuɗin goro.

Sunanta Claire Kirkland-Casgrain. Mahaifinta likita ne, Charles-Aimé Kirkland, ɗan majalisar lardi mai wakiltar mazaɓar Jacques-Cartier a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal. Da ya rasu a 1961 aka yi zaɓen cike gurbi a watan Disamba, ita kuma ta tsaya ta ci. Ko shakka babu sunan gidansu ya share mata hanya. Amma a tuna, tun 1940 matan Kebek suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen lardi, aka kwashe shekara 21 ba macen da ta shiga majalisar sai ita. A 1962 firimiya Jean Lesage ya naɗa ta minista, da farko ba tare da ma'aikata ba, muƙamin da akan ba mutum don a ce dai an yi da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gidan haya. Ta je birnin Kebek neman ɗakin da za ta riƙa sauka lokacin zaman majalisa, aka ce ba za a karɓi sa hannunta a takardar haya ba sai mijinta ya sa nasa. Lauya ce fa, ta yi karatu a jami'ar McGill, jama'a sun zaɓe ta ta yi musu doka, amma ba ta isa ta kama haya da kanta ba. Mai gidan ba shi ya ƙirƙiro wannan ba. Kundin dokokin da lardin ke aiki da shi tun 1866 ya jera matar aure a sahu ɗaya da ƙananan yara da masu taɓin hankali, wato waɗanda ba su da ikon ƙulla yarjejeniya. Ranar da na fara jin haka sai da na riƙe baki, domin mu mun tashi mun san dukiyar mace tata ce ko tana gidan aure.

Ita ta ɗauki ƙudirin doka mai lamba 16 ta kai shi gaban majalisar da babu mace ko ɗaya a cikinta sai ita, ya zama doka a 1964. Daga nan matar aure ta samu damar sa hannu a yarjejeniya, ta yi sana'arta ba sai da izinin miji ba, ta kuma shigar da ƙara da sunanta. Dokar ba ta share hawaye duka ba: iko a kan 'ya'ya ya ci gaba da zama a hannun uba har 1977. Duk da haka ƙofar da ta buɗe ba a sake rufe ta ba.

Sauran muƙamanta na da yawa: sufuri da sadarwa daga 1964, zaman adawa bayan jam'iyyarta ta faɗi a 1966, sai yawon buɗe ido da farauta da kamun kifi a gwamnatin Robert Bourassa a 1970, sannan al'adu. A 1973 ta ajiye siyasa ta zama mai shari'a. Yau in ka tambayi mutanen nan da wuya su lissafa maka waɗannan ma'aikatu, doka ta 16 kuwa tsofaffin mata na tuna ta. A harabar majalisar akwai mutum-mutuminta da na wasu mata uku da suka yi fafutukar 'yancin ƙuri'a. Na tsaya a gabansa wata rana da sanyi ke ratsa ƙashi, na ga an ɗan ware ta gefe guda daga sauran ukun. Da ta rasu a 2016, ita ce mace ta farko da gwamnatin lardin ta yi wa jana'iza ta ƙasa.

In akwai wanda ya cancanci sukar marubucinku a wannan labari, to jam'iyyun ne. Tsawon shekarun da ta yi a majalisa, daga 1961 zuwa 1973, ba su kawo mata abokiyar zama ko ɗaya ba. Da ta tafi, Lise Bacon ta shigo, ita ma ita kaɗai. Sai a zaɓen 1976 mata biyar suka shiga majalisar a lokaci guda.

Na gode.

Wata mai karanta jaridarku,
Montreal, Kanada