Juyin Sarki James a Waya: Hattara da Kalmomin da Suka Sauya Ma'ana

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin 'yan'uwana Kiristoci masu jin Turanci, wato karanta Littafi Mai Tsarki a wayar hannu, musamman tsohuwar fassarar nan ta Ingila da ake kira juyin Sarki James. Ni kaina ita nake karantawa kowace safiya, don haka ba kushe ta na zo yi ba.

Asalinta shi ne taron da Sarki James na Ɗaya ya kira a fadar Hampton Court a shekarar 1604, inda aka amince a yi sabuwar fassara daga Ibrananci da Helenanci. Malamai wajen 47 ne suka yi aikin, cikin kwamitoci shida da suka zauna a Westminster da Oxford da Cambridge, kuma sun dogara ƙwarai kan fassarar William Tyndale, wanda aka kashe a 1536. Littafin ya fito a 1611. Dalilin da ya sa kusan kowace manhaja take bayar da shi kyauta ba boyayye ba ne: a wajen Birtaniya babu mai haƙƙin mallakarsa, alhali sababbin fassarori sai an nemi izinin masu su. Amma abin da ke wayoyinmu galibi ba bugun 1611 ba ne, bugun Oxford ne na 1769 wanda Benjamin Blayney ya daidaita rubutunsa. Na sha jin mutum yana bugun ƙirji cewa na 1611 yake karantawa, alhali da za a miƙa masa ainihin wancan bugu, da haruffansa masu kauri da tsohon salon rubutunsa, da ƙyar zai kai ƙarshen shafi.

Babbar damuwata ita ce kalmomi. Baƙuwar kalma ba ta cika cutarwa ba, domin da zarar mai karatu ya ci karo da ita zai tsaya ya nemi ƙamus. Wadda take cutarwa ita ce kalmar da ya saba da ita, wadda shekaru ɗari huɗu suka juya ma'anarta ba tare da ta sauya kama ba. A wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 4 aya 15, akwai kalmar "prevent". Ɗan makarantar yau zai ɗauka hanawa ake nufi, alhali a wancan zamani ma'anarta riga wani zuwa ce, wato masu rai ba za su riga waɗanda suka yi barci, ma'ana waɗanda suka mutu, ba. A Romawa sura 1 aya 13 kuma akwai "let", wadda muka sani da ma'anar ƙyalewa, amma a can Bulus cewa yake an hana shi zuwa. Haka "conversation", wadda a wurare da dama take nufin halin zaman mutum ba hira ba. Mai littafin takarda ma yana iya faɗawa wannan rami, sai dai mai waya ya fi kusa da shi, saboda yatsa na saurin jan shafi, saƙonni na shigowa, kuma sau da yawa aya guda ce manhajar take turo masa da asuba, an yanke ta daga abin da ke gabanta da bayanta.

Akwai kuma abubuwan da wasu manhajoji suke zubarwa. Mafassaran sun bambanta rubutun kalmomin da suka ƙara domin jumlar Turanci ta miƙe, waɗanda babu su a asalin harshen, kuma bugunan da suka biyo bayan na farko sun karkata haruffansu. A wasu wayoyin duk rubutun iri ɗaya yake fitowa. Bayanan gefen shafi, inda suka nuna wata hanyar fassara kalma mai wuya, ba safai ake ganinsu ba, haka ma doguwar gabatarwar da suka rubuta wa mai karatu.

Wani abin da yake ba ni sha'awa shi ne mu Hausawa muna da wata dama da Baturen yau ba shi da ita. "Thou" da "thee" da mutane suke ɗauka kalmomin girmamawa ne, a wannan fassara mutum ɗaya suke nufi, kamar kai ko ke, yayin da "ye" da "you" suke nufin ku. A Yohanna sura 3 aya 7, Yesu ya fara da yi wa Nikodimu, wani shugaban Yahudawa, magana shi kaɗai, sannan a cikin jumlar ya koma jam'i, cewa dole a sāke haifarku. Turancin zamani ya haɗe biyun a kalma ɗaya, amma kunnen Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Shawarata ga masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi ita ce su nuna wa matasa yadda ake jera fassara biyu a allo ɗaya, tunda manhajoji da yawa suna da wannan tsari, a sa ta Sarki James kusa da ta Hausa ko wata ta Turancin yau. A kuma zaɓi manhajar da ta bar karkatattun haruffan nan, a sauke littafin gaba ɗaya domin a iya rufe intanet lokacin karatu, sannan idan ayar safiya ta shigo, a buɗe surar duka kafin a tura wa wani.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka