Iyayen yaran da karatu ke ba wuya a Gusau, mu san juna

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari.

Don Allah ka ɗan ba ni fili, abin ya daɗe yana cin raina. Ni uwa ce a nan Tudun Wada Gusau, ina da yaro ɗan shekara tara, bana shekararshi ta uku a aji ɗaya na firamare. Yana ji yana gani, lafiyarshi lau, amma harafin da ka koya mishi da safe kafin azahar ya bi iska. Ranar nan na duba littafinshi shafi guda cur layi ne kawai ya ja har fensir ya huda takardar, kuma fa da gaske yake yi, gumi yake yana rubutun. A aji can baya ake ajiye shi, yara na ce mishi dolo, in ya dawo sai ya wuce wajen awaki ya zauna don su dai ba sa tsokanarshi, kuma wallahi ko wacce akuya ya santa, in ɗaya ba ta ci dusa ba shi ke fara gaya mini.

Ba inda ba mu je ba, rubutu ya sha, hayaƙi an yi, wasu sun ce iska ce wasu sun ce baki. Sai a asibiti likita ya ce mana ba aljani ba ne, ƙwaƙwalwarshi ce ke ɗaukar abu a hankali, yana buƙatar malamin da zai bi shi sannu sannu. To ina malamin yake, malama ɗaya da yara cike da aji har bakin ƙofa?

Ƙanena da ke jami'a ne ya karanto mini labarin wata ƙungiya a Ingila, Mencap, na kasa barci daren nan. Ashe wata uwa ce ta fara ta, Judy Fryd, a 1946, ita ma 'yarta ce makaranta ta kasa riƙewa. Wasiƙa kawai ta rubuta ma wata mujalla Nursery World tana neman iyaye irinta, sai ga amsoshi ta ko ina, daga nan suka haɗu suka kafa ƙungiyar iyaye. Lokacin hukuma a can na iya yanke cewa yaro ba zai koyu ba a sallame shi gida, ba a sauya wannan dokar ba sai 1970, ka ga shekara 24 iyayen nan suna bin abu ɗaya. Ko a Legas ƙungiyar masu lalurar Down, wato lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai sa jinkirin koyo, uwa ce ta kafa ta, Rose Mordi, saboda 'yarta.

Mu ma muna da doka, Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, amma doka ba ta zuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar gida, mu kuma muna ɓoye yaran don kunyar bakin mutane.

Ni ba kuɗi nake roƙo ba. Na san akwai iyaye irina a Sabon Gari da Samaru da Kaura Namoda, in sun karanta su turo amsa ta hannunku, ku haɗa mu. Zauren gidanmu zai ɗauki mutum goma, maigidana ya yarda, tabarma kuma akwai.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wata uwa daga Tudun Wada, Gusau